Tara Harbinka Kafin Ka Taɓa Madubi

Bana da kaka na yi hutuna a gida, Bader Gula. An gama yankan hatsi, dammai sun shiga rumbu, sanyin hunturu ya fara leƙowa da asuba. Wani dare bayan lisha muna zaune ƙofar gida, ana jiran shayi na biyu ya nuna, sai ɗan ƙanwata ya matso kusa da ni da wayarsa a hannu.

"Kawu, an ce ka taɓa harba irin wannan a Faransa. Dubi."

Na karɓa na duba. Wani Bature ne kwance a ciyawa da bindigar iska, an ɗora mata madubin saiti mai tsawon kamu guda, yana kakkaɓo marafan kwalba daga nesa ɗaya bayan ɗaya. Kafin in ce komai yaron ya ci gaba.

"Akwai abokina a birni da yake da irinta, amma an cuce shi. Madubin jabu ne. Kullum cikin murɗawa yake, wannan ta yi hagu, waccan ta yi dama, har yau abin ya ƙi zama."

"Bayan harbi nawa yake murɗawa?"

"Ai da ya ga ta kauce sai ya gyara, Kawu. Ko barinta zai yi ta yi ta kaucewa?"

Na yi dariya har na kusa ƙwarewa, don kaina na tuna, shekara ashirin da wani abu da suka wuce, ina tsaye ina zargin madubin da bai yi mini laifin komai ba. Na yi wa yaron alkawarin zan rubuta masa amsa a tsanake, kuma ga ta, gare shi da sa'o'insa. Na san yawancinku ba za su taɓa mallakar wannan bindiga ba, ni ma ba zan ce ku neme ta ba. Amma duk wanda ya tashi a kwarin Tarka ya riƙe danƙo, ya kori jan-baki daga gonar hatsi, ya san daɗin samu da takaicin kuskure. Abin da zan faɗa ya shafe shi.

Abin da ake magana a kai

Wannan bindiga ba ta cin albarushi. Tukunya ce ta ƙarfe a ƙarƙashin bututu, ana ɗura mata iska da famfo na musamman har ma'auni ya nuna bar 200, wasu ma 300. Tayar babur ɗinka ba ta wuce bar 2 da ɗan ɗori ba, ka ga ninki 100 ke nan. In aka ja kunama, sai wata ƴar ƙofa ta buɗe ƙiftawar ido, iska kaɗan ta kufce ta ingiza ƙwayar dalma. Masu sayar da ita na ce mata PCP. Ƙwaya mai faɗin milimita 4.5 nauyinta rabin giram ne da ɗan wani abu, mai 5.5 kuwa wajen giram 1. Ɗora ta a tafin hannu ka duba: kai a dunƙule, ƙugu a tsuke, gindi a buɗe, sak kalangu.

Ba yau aka fara ta ba. Wajajen 1779 wani maƙeri a tsaunukan Tirol, Bartolomeo Girardoni, ya ƙera irinta, sojojin Ostiriya suka riƙe ta daga 1780 har wajen 1815. Tun kafin jihadin Shehu ke nan. Sai an buga famfo kusan sau 1,500 tukunyar ke cika, ta ba da harbi wajen 30. Daga baya suka aje ta, don tana son lallashi da kulawar da fagen yaƙi ba ya bari a yi.

A yau gidanta filin wasa ne. Tun gasar 1984 a Los Anjeles ake fafatawa da bindigar iska a Olamfik, a tazarar mita 10. Ɗigon tsakiya rabin milimita ne, kamar ɗigon biro a ƙarshen jimla. Mutum zai tsaya a kan ƙafafunsa ya yi harbi 60 cikin minti 75. A irin wannan gasa ne Abhinav Bindra ya ci wa Indiya zinariyarta ta farko ta mutum ɗaya, a Beijin, 2008. Ga abin da nake so ku riƙe: dokar wannan gasa ta hana madubi mai kusanto da nesa. Gwanayen duniya da idon da Allah ya ba su suke dubawa, ta cikin ƴar ƙofa da zobe.

Tambayar da na kasa amsawa

Ina ɗalibi a Faransa na shiga wani kulob na harbi a bayan gari, don kashe kewar ranakun Asabar. Akwai wani tsoho ɗan fansho da ke kula da sababbi. Ya ba ni bindigar kulob mai madubi, ya zaunar da ni a layin mita 25. Na harba, ta yi hagu, na murɗa. Na sake, ta yi dama da ƙasa, na murɗa biyu. Mako uku ina wannan rawa. Ran nan na je na same shi na ce madubin ya lalace, a canza mini.

Bai yi musu da ni ba. Ya ɗauko salatef ya naɗe mamurɗan biyu tam. Ya juya takardar saiti ta bayanta, ya ɗiga baƙin ɗigo guda a tsakiya, ya ce in auna wannan ɗigo sau biyar, kada in damu da inda ƙwaya ta faɗa. Na yi. Da muka je muka duba, huji biyar ne warwatse kamar kashin awaki, tafin hannuna bai rufe su ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, wanne daga cikin biyar ɗin nan kake so in gyara wa madubi?"

Na yi tsaye ban da ta cewa. A nan na gane abin da abokin ɗan ƙanwata bai gane ba tukuna. Madubi kamar makiyayi yake da ke iya kora garke gaba ɗaya, gabas ko yamma, kudu ko arewa. Ba ya iya tara garken da ya watse. Wanda ke murɗawa bayan kowane harbi yana bin akuya guda ne da gudu, sauran na ƙara bazuwa a bayansa. Ƙwayar da ta yi hagu, wataƙila hannunsa ne ya karkata. Ya murɗa dama don ya gyara, sai harbin da ya yi daidai ya tafi dama. Ya ƙara wa kuskurensa wani kuskure, ya kira shi gyara.

A tsaye a wurin na tuna kakana na wajen uwa, maharbin baka. Yakan jingina sakaina a tudun rairayi bayan gida, samari su zo gwada hannu. In wani ya same ta da kibiyar farko ya hau ihu, sai tsohon ya miƙa masa wasu ya ce, "Kibiya ɗaya ba ta shaida, kawo biyu su taya ta." Shi da Bafaranshen nan ba su taɓa jin labarin juna ba, amma makarantarsu ɗaya. An ce sa'a ta fi sammako. A fagen harbi sa'a baƙuwa ce mai kwana ɗaya.

Mako shida salatef ɗin nan ya yi Bafaranshen bai cire ba, sai ranar da huji biyar suka taru inda ƙwandalar dala ashirin za ta rufe su. Ba ma a tsakiyar takarda suka taru ba, suna can gefe. Ya ce wannan ba komai ba ne, aikin minti biyar ne.

Fara da kanka

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abu na farko da ke watsa garke shi ne mai riƙe da bindiga.

Kumatunka su sauka wuri ɗaya a kan gindin bindiga, kowane harbi, da nauyi iri ɗaya. Bafaranshen ya manna mini ɗan ƙyalle a wurin don fatata ta riƙa jin sa. In ka leƙa madubi ka ga baƙar inuwa kamar jinjirin wata a gefe, idonka ba ya tsakiya. Gyara kai har da'irar ta cika fes.

Sannan ka gwada zamanka. Auna ɗigo, rufe ido, yi numfashi biyu, buɗe. In ka tarar gicciyen zaren ya bar ɗigon, to da ƙarfin damtse kake riƙe da saitin, kuma damtse gajiya yake yi. Kada ka jawo bindiga ta dawo. Matsar da jikinka gaba ɗaya har ta kwanta a kan ɗigon don kanta.

Ja numfashi, saki rabi, tsaya. Kana da daƙiƙa biyar ko shida kafin ido ya fara yaudararka, ƙirji ya fara neman iska. In sun wuce ba ka harba ba, sauke ka sake farawa. Sauke bindiga ba abin kunya ba ne. Yawancin munanan harbin da na yi a rayuwata, na san ba su yi ba tun kafin in saki, girman kai ne ya hana ni fasawa.

Kunama kuwa ba fizgarta ake yi ba. Sa tsokar kan yatsa, ka matsa baya a hankali kamar mai latsa mangwaro ya ji ko ya nuna. Bayan ta tashi, kada ka ɗaga kai. Ƙwayar iska ba ta da saurin harsashi, tana ɗan jimawa a cikin bututu, kuma mai ɗokin ganin inda ta faɗa yakan motsa bindiga kafin ta fita. Zauna yadda kake ka ƙirga biyu. Kafin ka duba takarda, faɗa wa kanka inda kake jin ta tafi. Ranar da bakinka da takarda suka fara faɗin abu ɗaya, ka fara zama maharbi.

Sannan ka dubi ɗaurin madubi

Da yawa daga madubin da ake kira jabu, noti ne ya kwance musu. Hanyoyinmu kun san su. Abin da aka ɗauko a bayan babur daga Dakoro ya sha girgizar da za ta sassauta kowane ɗauri. Duba notin da ya haɗa ƙarfe da katako, duba na zobban da ke riƙe da madubi. In za ka ɗaure, bi su a gicciye kaɗan-kaɗan, yadda bakanike ke ɗaure tayar mota. Kada ka sa ƙarfin tuwo, jikin madubi siririn alminiyam ne, yana lotsawa. In ka gama, ja ɗan layi da alƙalami daga kan noti zuwa jikin zobe. Ranar da layin ya rabu biyu, ka san abin da ya faru ba tare da ka zargi kowa ba.

Na biyu, madubi ya zauna a miƙe. Aro dabarar magina: ɗaura dutse a igiya, rataya a reshen aduwa taku goma sha biyar daga inda kake, da safe kafin iska ta tashi. Kwantar da bindiga a kan buhun rairayi, a tsaye cak, ka juya madubi cikin zobbansa har zaren tsaye ya kwanta a kan igiyar. Dalilin wannan wahala shi ne ƙwaya ba ta tafiya a miƙe. Tun fitarta take faɗuwa. Mai barin baki da gudun mita 240 a daƙiƙa tana sauka wajen santimita 6 kafin ta kai mita 25, a mita 50 kuwa faɗuwar ta haura taƙi guda. Don haka bututu ɗan sama yake kallo, ko da madubi na kallon ɗigo. In ka karkatar da bindiga, wani kaso na wannan ɗagawa sai ya koma gefe, harbi ya bi ɓangaren da ka karkata, ya kuma yi ƙasa. Iyakar nisa, iyakar ɓarna.

Na uku shi ne wanda ya fi cin mutane ba su sani ba. Miƙa hannunka ka rufe wata bishiya da babban yatsa. Rufe idon dama, buɗe, rufe na hagu. Ka ga yatsan ya yi tsalle alhali bai motsa ba? Haka ke faruwa a cikin madubi idan hoton abin da kake aunawa da gicciyen zare ba su faɗa wuri ɗaya ba. Gwajin mai sauƙi ne. Aje bindiga a kan buhu, kada ka taɓa ta, leƙa ka ɗan motsa kai sama da ƙasa. In zaren na yawo a kan ɗigo, juya zoben gaba ko mamurɗin gefe mai lambobin nisa har ya tsaya cik. Madubai da yawa an yi su ne don manyan bindigogi, an daidaita su a wajen mita 90 ba a iya canzawa. Irin wannan a mita 15 zai yi ta yi maka ƙarya, alhali lafiyarsa lau, aikin da aka ba shi ne ba nasa ba. Zoben da ke kusa da ido kuma aikinsa fito da zaren sarai. Dubi farin bango ka juya shi sau ɗaya, ka bar shi. Kada ka kuskura ka leƙa rana da madubi, ko da wasa.

Iska, ƙwaya da yanayin ƙasarmu

Tukunya cike da tukunya rabi ba sa tura ƙwaya da ƙarfi ɗaya. Wasu bindigogin suna da na'urar da ke auna wa kowane harbi rabonsa daidai. Waɗanda ba su da ita, ƙarfinsu kan fara da ɗan rauni in an cika su maƙil, ya hau, ya daidaita na wani lokaci, sannan ya gangaro. Wannan tsakiyar ita ce gonarka. Samo kaye irin na ɗan lakwal, ka rubuta abin da ma'auni ya nuna da lambar kowane harbi. Za ka ga inda huji ya fara zamewa ƙasa. Daga ranar ka san inda za ka cika da inda za ka tsaya.

Zafinmu ma yana da baki a maganar. Tukunyar da aka cika bar 200 da sanyin safiya, in aka bar ta a rana ko cikin mota a rufe ta kai digiri 60, matsin cikinta zai ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100. Saiti ya canza, haɗari ya ƙaru. Ku ji wannan da kyau, don maganar rai ce: kada wani ya ce famfo na da wahala, a je wurin mai walda a ɗura daga kwalbarsa. Iskar walda in ta haɗu da maiƙo a cikin matsi wuta take kamawa, tukunyar ta tarwatse a hannun mai riƙe da ita. Man inji ma ba ya shiga wurin. Zobban roba man silikon kaɗai suke so. Kuma ba a kwance tukunya da iska a cikinta.

Ƙwaya kuwa, kakana yakan zauna da kibansa yana gasa su a wuta yana miƙarwa, yana auna su a yatsa, ya ware masu nauyi ɗaya a kwari ɗaya. Haka za ka yi. Wadda gindinta ya lotsa, aje ta gefe. Kada ka gauraya gwangwani biyu. A jikin gwangwani za ka ga an rubuta 4.50 ko 4.51 ko 4.52, bambancin da ido ba ya gani, amma kowane bututu da wadda yake so. In ka samu wadda taka ta karɓa, zauna a kanta.

Sai iskar Allah. Abu mai rabin giram ba ya gardama da hunturu. Kafa kara tsakaninka da takarda ka ɗaura masa tsumma, ka harba sa'ad da tsumman ya koma yadda yake a harbin baya. Gyaran saiti aikin sassafe ne. Da rana ta take, kawalwalniya kan sa ɗigo ya yi ta rawa a madubi, ka auna inda ba ya nan. In ƙura ta hau gilashi, hure ta tukuna. Wanda ya goge da bakin riga ya goga rairayi ne.

Yanzu ka cire salatef

In huji biyar sun taru, nemo tsakiyarsu, ka auna nisanta da ɗigo, a kwance da a tsaye. Dubi kan mamurɗi. In an rubuta 1/4 MOA, kowane ƙas ɗaya na matsar da harbi wajen milimita 7 a mita 100. A mita 25 bai cika milimita 2 ba. Ke nan in garkenka na santimita 2 hagu da ɗigo a mita 25, ƙas 11 za ka yi zuwa dama. Ƙirga su da baki, rubuta, sake harba biyar. Kada ka canza ƙwaya da saiti da zama a lokaci guda, don in abu ya gyaru ba za ka san wanda ya gyara shi ba, in ya ɓaci ba za ka san wanda za ka kama ba. Ka ga aikin da abokin ɗan ƙanwata ya fara da shi, shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi kowanne gajarta.

Abin da ba a aunawa

Da a nan zan tsaya, da na cuce ku. Kafin ɗayanku ya taɓa wannan abu, ya je wurin jandarma ya tambayi abin da doka ta ce da takardar da ake nema. Ko a ƙasashen da ake wasa da ita an yi wa ƙarfinta iyaka: jul 7.5 a Jamus, wajen 16 a Ingila, 20 a Faransa, abin da ya haura sai da takarda. Balle mu, a wannan zamani da ƴan bindiga suka hana ƴan'uwanmu na Madarunfa da Gidan Runji barci. Wanda ya hango saurayi cikin daji da baƙar bindiga mai madubi ba zai matso ya tambaya ko ta iska ce ba. Da na sani ƙeya ce.

Kada sunan "iska" ya ruɗe ku. Tana fasa ido, tana kisa. Ƙwayar da ta kuskure takarda tana tafiya ɗaruruwan mitoci, in ta bugi dutse ko ƙarfe tana dawowa. A bayan takardarka a samu tudun rairayi ko katangar laka mai kauri, ba hanyar rijiya ba, ba inda yara ke kiwo ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa, ya kuma hana a mai da abu mai rai abin koyon harbi. Kurciyar da ke kan reshe ba takardar saiti ba ce.

Dalma kuma guba ce. Na ga masu cusa ƙwaya a baki don saurin ɗurawa. Ku tambayi mutanen Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Wanke hannu kafin ka ci abinci, tsince abin da ya zube, kada ƙanenka mai rarrafe ya riga ka.

Kakana yakan ba mu labarin jimina da mariri da raƙumin dawa a arewacinmu, kamar yadda ku kuke maganar awaki. Ni ban tarar da su ba. Fari ya ci nasa, bindiga da mota suka ƙarasa. A 2000 aka bayyana cewa mariri ya ƙare a daji a duniya baki ɗaya, sai wanda ke tsare a hannun mutane. Raƙuman dawa irin namu, 49 kacal suka rage a 1996, a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka tsare su suka haura 600, har a 2018 aka ɗauko 8 a mota, tafiyar sama da kilomita 800, aka kawo su gandun Gadabeji da ke maƙwabtaka da mu, bayan kusan shekara 50 ba a ga ko ɗaya a wurin ba. Gandun nan tun 1955 aka keɓe shi, hekta 76,000, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 2017. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara lokacin farauta da izininta da dabbobin da ba a taɓawa sam. Abin da aka sha wannan wahala aka maido mana, kada ya zama a hannunku zai sake ɓacewa. Maharbin da kakana ke girmamawa shi ne wanda ya ja tsirkiya har kunne, ya ga barewa na da ciki, ya sassauta ya koma gida hannu wofi.

Kwali da gawayi

Ƴaƴana, ina kallonku. Wata uku a shagon tela, an yi faɗa da maigida, sai kabu-kabu. Wata biyu babur ya ba da matsala, sai a ji ku a hanyar Jado neman zinariya. A dawo a ce garin ne ba sa'a, maigidan ne mugu, jarin ne kaɗan. Wani lokaci gaskiya ne, akwai madubin jabu a duniya. Amma ba za ka iya tabbatarwa ba sai ka tsaya wuri ɗaya, ka yi abu ɗaya, ta hanya ɗaya, har sau biyar, sannan ka je ka dubi takarda da idon da ba ya son kai.

Kwana biyu bayan hirarmu na fito da hantsi na tarar da ɗan ƙanwata bayan gida. Ya jingina kwalin shayi a tudu, ya yi masa ɗigo da gawayi. Ya mulmula ƙwallayen yumɓu ya shanya, yana ta jera su a tafin hannu yana fitar da manya da ƙanana. Ya ja layi a ƙasa da ƙafa, taku goma, ya ɗaga danƙonsa. Biyar ya harba. Biyu sun sami kwalin, ɗaya sama ɗaya ƙasa, uku sun tashi ƙura a gefe.

Ya juya danƙon a hannu yana jan robar. "Kawu, ina jin ɓangaren nan ya fi wancan..." Sai ya yi shiru. Ya dube ni, na dube shi. Ya fashe da dariya, ya sunkuya ya zaɓo wasu biyar, ya mai da ƙafarsa kan layin.